Sabuwar Waya, Tsohuwar Mota: Yadda Za Ka Sa Su Ji Maganar Juna

Yawancin motocin da ke yawo a titunan Kano, Kaduna, Maraɗi da Damagaram ba sababbi aka saye su ba. 'Yan Beljiyam ne, waɗanda suka yi shekara goma ko fiye a hannun wani a Turai ko Amurka kafin jirgin ruwa ya sauke su a Kwatano ko Legas. Wayar da ke aljihun mai motar kuwa da wuya ta wuce shekara uku. Wannan tazarar ce ke haddasa ƙorafin da ake yawan ji a garejin masu wayarin mota: ga maɓalli mai hoton waya a jikin sitiyari, amma an yi an yi waya ta ƙi haɗuwa, ko ta haɗu kira na shiga amma karatu da waƙa sun ƙi fita. Sau da yawa babu abin da ya lalace. Wanda ya san iyakar abin da motarsa ta iya, ba zai kashe kuɗi a kan gyaran abin da ke lafiya lau ba.

Bluetooth ce ke haɗa su. Kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ne ya fara aikinta a 1994, sannan a 1998 ya haɗa kai da Nokia, IBM, Intel da Toshiba suka kafa ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojinta. Siginar rediyo ce mai gajeren zango, wajen mita 10, kuma ba ta cin data ko kuɗin kira. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, kowane aiki da tasa ƙa'idar. Wadda ake kira HFP ita ke ɗaukar kira: muryar mai kira ta fito ta lasifikar mota, taka kuma ta shiga ta ɗan makirfon da ke saman rufi kusa da madubi. A2DP ita ke ɗaukar waƙa, karatu da wa'azi. PBAP kuma ita ke kwafo sunayen da ke cikin waya zuwa allon mota. Sai waya da mota duk sun san ƙa'ida ɗaya sannan aikin zai yiwu. Kamar jika ne da ya iya harshe biyar yana hira da kakansa mai harshe ɗaya: za su fahimci juna, amma a wannan ɗayan kaɗai.

Motoci da dama da aka ƙera kafin 2010 HFP kawai suka zo da ita, domin a lokacin kira ne damuwar masu ƙera su, waƙa kuwa ta kaset da CD ce. Irin wannan mota ko sau nawa ka sake haɗawa ba za ta fitar da karatun da ke cikin wayarka ba. CarPlay na Apple sai 2014 ya fito, Android Auto kuma 2015 (tsare-tsaren da ke nuna manhajojin waya a allon mota), don haka kada a neme su a Camry ta 2008. Akwai kuma wasu Volkswagen, Audi da Skoda na Turai da suka zo da tsarin rSAP, wanda ke aron layin wayar gaba ɗaya ya yi kira da eriyar mota. IPhone ba ta aiki da wannan tsari, haka ma wayoyin Android da yawa.

Kafin komai, tabbatar na'urar Bluetooth ɗin tana nan a motar. Maɓalli a sitiyari ba shaida ba ne, domin akan ƙera mota da maɓalli da wayoyi, amma akwatin Bluetooth ɗin sai wanda ya ƙara kuɗi ake sa wa. A wasu tsofaffin Marsandi, ɗan abin da ke yin aikin ana soka shi ne a cikin akwatin da direba ke ɗora gwiwar hannu, kuma sau da yawa motar kan iso babu shi. Danna maɓallin: idan allo ya nuna maganar waya ko murya ta amsa, akwai na'ura. Idan shiru ne, ko rediyo ya ɗauke sauti kawai, sai a duba.

Wajen haɗawa, a yi fakin tukuna, domin motoci da yawa suna kulle wannan sashe muddin taya na juyawa. Bar injin a kunne don kada batir ya sauka. Shiga sashen waya a rediyon mota ka zaɓi ƙara sabuwar waya, sannan ka buɗe Bluetooth a wayarka ka bar shafin a buɗe. A tsofaffin motoci galibi waya ce ke neman mota, ba mota ke neman waya ba. Sunan da zai bayyana yana iya zama baƙo: Honda kan fito da HandsFreeLink, Ford da SYNC, Fiyat da Blue&Me. Daga nan sai lambar sirri. Tun daga Bluetooth 2.1 ta 2007 aka sauƙaƙa abin, lamba ta fito a allo biyu ka tabbatar iri ɗaya ce. Na'urorin da suka girmi wannan sai ka rubuta lamba huɗu da hannunka, galibi 0000 ko 1234, ko wadda allon mota ya nuna. Wasu Honda ma ba su da wurin dannawa a allo, da baki ake yi: ka danna maɓallin magana, ka jira ƙarar ta yi, ka ce “phone setup”, sannan “pair”, ka faɗi lamba huɗu. A rufe gilashi a rage fankar AC, in ba haka ba motar ba za ta ji ka ba.

Idan an bi duk wannan kuma ta ƙi, abu na farko da za a zarga shi ne cikar ma'ajiya. Tsofaffin na'urori waya biyar ko shida suke iya riƙewa, kuma sau da yawa za ka tarar da sunayen wayoyin Baturen da ya fara mallakar motar, da na matarsa, da na dillalin da ya tuƙo ta daga bakin ruwa. Goge su duka, ka goge sunan motar a wayarka ita ma, ka kashe wayar ka kunna, ka sake daga farko. Wannan darasi ne kuma ga ranar da za ka sayar da taka: goge wayarka da sunayen da ta kwafa, kada lambobin iyalinka su bi motar zuwa hannun wani.

Akwai matsalar da ta fi shafar mu. Wayoyinmu, Tecno ne ko Infinix ko Samsung, yawanci masu layi biyu ne, tsohuwar mota kuwa ba ta san da wannan ba. Idan ka saita waya ta riƙa tambayarka layin da za ta kira da shi, to kiran da ka danna daga sitiyari zai tsaya yana jiran amsa a allon wayar da ke cikin aljihu. Zaɓi layi ɗaya ya zama na kira. Idan sunaye sun ƙi fitowa, shiga saitin motar a cikin Bluetooth na wayar ka ba da izinin ganin lambobi. Sunan da aka rubuta da Larabci ko da haruffa masu lanƙwasa yana iya fitowa a matsayin alamar tambaya. Kiran WhatsApp kuma wani lokaci murya kan fito amma allo bai nuna mai kira ba, domin an ƙera na'urar kafin a san da shi.

To idan mota ba ta da Bluetooth sam, ko ta kira kawai gare ta? Duba ko akwai ɗan ramin AUX a gaban rediyo ko cikin akwatin tsakiya. Idan akwai, ƙaramar na'urar Bluetooth da ake sokawa a ciki ta wadatar, kuma sautinta ya fi tsabta. Idan ka ji wani siririn kuka da ke ƙaruwa duk lokacin da ka taka totur, daga caja yake, cire ta ka gani. Idan babu AUX, akwai na'urar da ake sokawa a ramin laita, wadda ke karɓar sautin waya ta watsa shi kamar ƙaramar tashar FM. Nemi gurbin da babu tasha a kusa, ba irin 99.5 ba da Freedom Rediyo ke kai a Kano. Motar da ta fito daga Amurka rediyonta kan tsallake lambobi, daga 88.1 sai 88.3 sai 88.5, saboda haka saita na'urar a lambar da ta ƙare da mara. Mataki na ƙarshe shi ne canza rediyon gaba ɗaya. A nan sai an yi hattara, domin a wasu motocin allon AC da saitin mota suna haɗe da rediyon. Kai wa mai wayarin da ya san irin motar, ka kuma nemi ya yi amfani da soket ɗin da ya dace maimakon yanke wayoyi yana naɗe su da salatif.

Sai dai haɗa waya da mota bai zama lasisin hira a kan titi ba. Dokar hanya ta Najeriya ta hana direba kira ko amsa waya yayin da mota ke tafiya, kuma jami'an hukumar kiyaye haɗurra suna kama masu yi. Hannu biyu na iya kasancewa a kan sitiyari alhali hankali yana can wajen cinikin fili ko rigimar gida. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, don haka shagalar daƙiƙa biyu ta isa a wuce mita 50 ba a ga ɗan acaɓa ko akuyar da ta faɗo titi ba. Ka saita abin da za ka saurara kafin ka sa giya, kiran da ba zai iya jira ba kuma ka sauka gefen titi ka amsa shi.