Ƙananan lambobin yabo da ke riƙe matasan masu binciken ƙwaƙwalwa da homon

A ƙarshen shekarar 1971 masanin nan ɗan Birtaniya, Geoffrey Harris, ya rasu yana da shekara 58. Shi ne ya tabbatar da cewa wani ɗan sashe a gindin ƙwaƙwalwa, haifotalamus, yana aika sinadarai ta wasu siraran jijiyoyin jini zuwa fituwitari, wata 'yar tsoka mai girman ƙwayar wake da ke juya sauran ma'aikatun homon na jiki. Balaga, haihuwa, ruwan nono, tsawon jiki da yadda mutum ke ɗaukar firgici duk ta wannan hanya suke bi.

Bayan shekara shida aka ba Roger Guillemin da Andrew Schally kyautar Nobel saboda sun zaƙulo sinadaran da Harris ya yi hasashensu. Ba a ba mamaci Nobel, don haka wanda ya share hanyar bai ga ranar ba.

Aikin ma ba na mai gaggawa ba ne. Sai da ɗakin gwajin Guillemin ya tace gutsattsarin ƙwaƙwalwar tumaki kusan 300,000 kafin ya samu miligiram ɗaya na sinadarin farko a 1969. Schally kuwa da ta aladu ya yi nasa, kuma su biyun sun shafe shekaru suna gasar da ta koma gaba.

Irin wannan jinkiri shi ne matsalar matashin da ya kammala digirin digirgir a fannin. Kwantiraginsa na shekara biyu ko uku ne, tallafin bincike kuma ya fi zuwa wurin wanda ya riga ya yi suna. A daidai wannan gaɓa mutane da dama ke ajiye binciken su kama wata sana'a, kuma wannan gaɓar ce ƙungiyoyin masana suka nufa da lambobinsu.

Ƙungiyar masu wannan fanni ta Birtaniya tana bayar da Lambar Michael Harbuz, don tunawa da wani masanin Jami'ar Bristol da ya yi aiki kan yadda damuwa ke shafar jiki. A Amurka, ƙungiyar masu nazarin tasirin homon kan ɗabi'a tana da Lambar Frank Beach, mai ɗauke da sunan marubucin littafin da ya aza harsashin wannan reshe a 1948. Ƙungiyar ƙasa da ƙasa da ke haɗa fannin da nazarin halayyar ɗan Adam ita ma ta yi shekaru tana bayar da Lambar Curt Richter.

Babu ɗaya cikinsu da za ta azurta kowa. Amfaninsu yana wani wuri: a ba matashi dandamali a babban taron ƙungiya, ya tsaya gaban dattawan fannin ya bayyana abin da ya gano. Cikin masu saurarensa akwai waɗanda gobe za su duba takardar neman tallafinsa, ko su zauna a kwamitin ɗaukarsa aiki. Layi ɗaya ne a takardar tarihin aiki, amma yakan raba gardama tsakanin mutum biyu da suka yi kunnen doki.

Labarin Naomi Rance ya nuna dalilin da ya sa bai kamata a jira sakamako kafin a yaba ba. A farkon shekarun 1990, a Jami'ar Arizona, ta lura cewa wasu ƙwayoyin haifotalamus suna kumbura a ƙwaƙwalwar matan da suka daina al'ada. Abin bai ja hankalin jama'a ba a lokacin. Daga wannan zare aka bi har aka gano tushen zafin jiki da gumin da ke taso wa irin waɗannan mata ba zato, kuma sai a 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin fezolinetant, wanda ba homon ba ne. Shekara talatin ke nan da 'yan kai.

Sai dai lambobin suna da inda suka gaza. Ana auna mai nema da maƙalun da ya wallafa a manyan mujallu, su kuwa sun fi fitowa daga ɗakunan gwaji masu na'urori da wutar da ba ta ɗaukewa. Ga kuɗin zama mamba, ga kuɗin jirgi, ga biza. Ruwa dai ya fi sauka inda ƙasa ta riga ta jiƙe.

Alhali tambayoyin fannin suna nan a asibitocin Najeriya. Matar da ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, fituwitarinta na iya lalacewa, nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ɗauke, kasala ta kama ta; wannan shi ne ciwon Sheehan, kuma yakan yi shekaru ba a gane shi ba. Ƙarin da ke sa sinadarin furolaktin ya yi yawa shi ma yana cikin abubuwan da ke hana mace ɗaukar ciki, ga shi magani na sha yana yi masa aiki. Matashin likitan da ya zauna a Kano ko Inugu yana tattara bayanan irin waɗannan mata zai shiga takara ɗaya, da ma'auni ɗaya, da takwaransa na Edinburgh ko Boston.