Kiwon Jikin Mota Da Ƙafafunta

Malami ko akawu ba ya mallakar mota sai ya daɗe yana tari, ko kuwa ya ci bashin da za a shekara da shekaru ana yanka daga albashinsa. Amma duk da haka yawancinmu inji kaɗai muke yi wa hidima. Jiki da ƙafafu kuwa a bar wa yaron gida, da tsumma ɗaya da rabin bokitin ruwa. Ran da aka tashi sayarwa, dillali ba inji yake fara buɗewa ba. Fenti yake dubawa, ya leƙa ƙarƙashi, ya daki taya, sa'an nan ya yanke kuɗi. A nan ne mai mota ke biyan sakacin shekaru.

Bari mu fara da fenti. Tun daga shekarun 1980 galibin motoci hawa uku ake yi musu: shafen farko mai kama ƙarfe, sa'an nan launi, sa'an nan wani shafe garai-garai kamar gilashi, wanda shi ke ba da ƙyalli, yana kuma tare zafin rana. Dukansu uku kaurinsu bai fi na takardar ofis ɗaya ba, in ya yi yawa biyu. Abin da ke tsakanin ƙarfen motarka da tsatsa ke nan. Masu iya magana kuwa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Babban abokin gaban wannan shafe a ƙasarmu shi ne ƙurar hunturu, wadda ke sauka daga Nuwamba har zuwa Maris. Da yawa daga cikinta iska ke kwasowa daga ƙwarin Bodele, arewa maso gabas da Tafkin Chadi, a cikinta kuwa akwai ɓarɓashin yashi wanda ya fi fenti tauri. Saboda haka wanda ya tashi da safe ya goge mota da busasshen tsumma, kankare ta yake yi da hannunsa. Waɗannan zane-zanen da kake gani kamar saƙar gizo in rana ta haska baƙar mota, mafarinsu ke nan.

Ga yadda ya kamata a yi wanki. A sa mota a inuwa, a bari jikinta ya huce. A fara kwarara ruwa zalla don ƙura ta sauka kafin hannu ya taɓa ta. A tanadi bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraye soso, don kada yashin da aka kwaso ya sake komawa jiki. A fara daga rufi a gangaro, gama datti mai nauyi a ƙasa yake. Garin sabulun wankin tufafi ba na mota ba ne, domin yana cinye kakin da aka shafa. Da an gama a tsane da ƙyalle mai taushi, don ruwan rijiya in ya bushe da kansa yakan bar farin tabo.

Akwai abubuwan da ba su jiran ranar wanki. Kashin tsuntsu da na jemage, da ƙaron itace, in rana ta gasa su bisa fenti sukan bar tabon da sabulu ba ya fitarwa. A jiƙa su da ruwa nan take, a ɗauke a hankali. Man birki kuwa ya fi su duka mugunta, yana narkar da fenti, don haka in ya ɗiga a wanke nan da nan. Kwalta a ɗiga mata ɗan kananzir, a bi da sabulu. Bayan wata uku ko huɗu a shafa kakin mota. Irin wanda ya fi shahara daga ganyen wata bishiya ta ƙasar Brazil, mai kama da giginya, ake samo shi. Gwajinsa ba wuya: in an yayyafa ruwa ya tsaya ƙwaya-ƙwaya, kaki na nan; in ya shimfiɗe, ya ƙare.

Da damina kuwa hankali ya koma ƙarƙashi. Taɓo yana maƙalewa a rumfar taya ya riƙe laima, tsatsa ta ci ƙarfe daga ciki, ba a ankara ba sai fenti ya kumbura. A gindin kowace ƙofa akwai 'yan ramukan fitar ruwa, a tabbata ba su toshe ba. Mai sayen motar hannu wadda ta fito daga Turai ko Amurka lalle ya leƙa ƙarƙashinta, gama a ƙasashen sanyi gishiri ake watsa wa hanyoyi don ƙanƙara ta narke, gishiri kuwa da ƙarfe ba su ga maciji.

To, sai ƙafafu, inda magana ta wuce ta dukiya ta zama ta rai. Baƙin da ke taruwa a wili garin birki ne, da ɓarɓashin ƙarfe a ciki, don haka a ware masa tsummansa dabam. Kada a watsa ruwan sanyi ga ƙafar da ta sha tafiya sai ta huce. Masu shafa wa taya baƙin mai ko man birki don ta yi sheƙi, ganin kitse suke wa rogo, domin mai yana lalata roba. Ruwa da sabulu da buroshi sun isa.

Kowace taya tana ɗauke da shekarunta a gefenta. Tun daga shekarar 2000 lamba huɗu ake bugawa: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Watau 2319 ma'anarsa mako na 23 na 2019. Kamfanin Michelin ya ba da shawara cewa in taya ta kai shekara biyar a riƙa kai ta ga gwani kowace shekara, in ta kai goma a sauke ta, ko da zanenta na nan. Zane kuma in zurfinsa ya ragu zuwa milimita 1.6, aikinta ya ƙare. Iska a auna ta da safe tun taya ba ta ɗau zafi ba, bisa adadin da aka rubuta a bakin ƙofar direba ko a littafin mota. Taya mai ƙarancin iska ita ke zafi ta fashe a doguwar hanya da bazara.

Kada a manta da ƙananan abubuwa. Robobin ƙofa da na taga in sun bushe sun tsage, ruwa zai shiga ya ruɓar da daɓen mota. Murfin fitilun motocin yanzu na roba ne, rana kan mayar da shi rawaya, haske ya ragu da dare. A goge shi da man da aka yi dominsa. Maganin da ya fi araha ga duka kuwa inuwa ce, ko da ta rumfar zana.

Muna ba masu karatu shawara, tun da yake ma'abuta alƙalami ne, kowa ya ajiye ɗan littafi a aljihun mota, ya riƙa rubuta ranar da ya shafa kaki, da ranar da ya auna iska, da shekarar kowace taya, har da ta safaya. Wanda ya iya riƙe rajistar aji ko littafin kuɗin ofis, wannan ba zai gagare shi ba.