Amfanin Kayan Fadama A Cikin Ɗakunanmu: Misalin Guri

Kamar yadda jama'a suka sani, Ƙaramar Hukumar Guri da ke masarautar Haɗeja tana cikin dausayin Haɗeja da Nguru, a kan iyakar jiharmu da Jihar Yobe. Tun kaka da kakanni mutanen wannan yanki ba su raba ɗakin kwana da abin da fadama ke fitarwa ba. Da kaba ake saƙa tabarma da mafici da igiya, da gamba ake yin zana, da yumɓu kuma ake gina randa da tulu.

A ganinmu wannan ya wuce batun ado, magana ce ta lafiya. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40. Ɗakin da aka rufe da kwano ba tare da silin ba, yana ɗauko zafin rana ya sauke shi a kan mazauna ciki, har barci ya gagara. Sai iyali su fito tsakar gida su kwana, sau da yawa ba gidan sauro, alhali kuwa kowa ya san yawan sauron bakin ruwa. Ginin ƙasa mai kaurin bango da rufin jinka yana jinkirta shigar zafi. Ita ma randa, da wasu ke wa kallon kayan ƙauye, tana sanyaya ruwa ne saboda yana tsattsafowa ta jikinta, iska ta busar da shi ya tafi da zafin.

Sai kuma batun kachala. Bayan gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin Haɗeja ta sauya, ruwa ya riƙa kwanciya rani da damina a wuraren da a da suke bushewa. Nan wannan ciyawa ta samu gindin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama mafakar tsuntsun jan baki. Amma a ƙasashen Senegal da Muritaniya, inda ita ma ta addabi manoman bakin kogi, ana busar da ita a yi rufi da allunan tare zafi, domin jikinta cike yake da ƙananan ramuka masu riƙe iska. Idan aka saƙa ta kamar asabari aka shimfiɗa a ƙarƙashin kwano, za ta rage zafin ɗaki, mai yankanta kuma ya samu na cefane.

Sai dai muna jan hankalin magidanta da a bari ta bushe sarai kafin a ɗora, kuma a nisanta ta da murhu da fitilar aci-bal-bal. A riƙa rufe bakin randa. Wanda zai dasa darbejiya don inuwa, ya ba ta tazara daga bango, saboda saiwarta na tsaga ginin ƙasa.