Maimaici Mai Ƙidaya a Harshen Sarrafa Na'ura

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana yadda ake umartar na'ura ta maimaita aiki gwargwadon adadin da aka yanka mata. An ɗauki misali daga RAPID, harshen da kamfanin ABB ya fito da shi a shekarar 1994 domin sarrafa mutum-mutumin masana'antu.

A ce ana son huda ramuka 12 a gefen faifan ƙarfe, tazarar digiri 30 tsakanin kowane biyu. Maimakon rubuta umarni 12, sai a rubuta FOR i FROM 1 TO 12 DO, a biyo da umarnin hudawa da na juyawa, a rufe da ENDFOR. Harafin i shi ne maƙidayi: yana farawa daga 1, yana ƙaruwa da ɗaya bayan kowane zagaye. Da yake ana lissafawa da iyakokin biyu, wanda ya fara daga 0 zagaye 13 ya umarta, kuma na'ura za ta koma kan ramin farko.

Abin lura ga manazarta harshe shi ne, Hausa ta riga ta bambanta "huda sau 12" da "yi ta hudawa muddin akwai fili". Na farko ya dace da FOR, na biyu da WHILE, mai dogara da sharaɗi. Saboda haka, ya kamata masu ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi su gina fassararsu kan "sau" da "muddin", domin kalma ɗaya tilo kamar "maimaici" tana ɓoye wa ɗalibi wannan bambanci.