Mitar da ta hana ni sayen mataccen batir

Duk wanda ya zauna a zango lokacin dumsor ya san darajar batir. Ni ma da na gaji da duba littattafan yara da hasken waya, sai na tara 'yan sidina na shiga Kumasi neman batirin sola na hannu. Mai shagon ya dinga rantsuwa: "Malam, wallahi ɗan taɓawa kawai aka yi masa." Allah ya so na riƙo maltimitar da nake nuna wa ɗalibai a aji.

Aikin ba wuya. Baƙar waya a ramin COM, ja a ramin V, ka murɗa zuwa DC 20, ka ɗora ja a kan +, baƙa a kan −. Batir mai bolt 12 in ya cika ya huta, zai nuna wajen 12.6; in ya nuna 12.2, rabi ya tafi. Nasa ya nuna 12.9, mutumin har da murmushi. To amma batirin da aka sauke daga caji yanzu-yanzu yakan yi ƙaryar ƙoshi. Na ce a jona masa kwan fitilar mota. Kafin minti biyar lambar ta zube zuwa 10.4, alamar ɗaya daga cikin ɗakunansa shida ya mutu. Na yi masa sallama, kuɗina a aljihu.

Inda nake jan kunnen yara shi ne awon ampiya, wato yawan wutar da kaya ke ja. Nan dole ka cire waya ɗaya, mitar ta shiga tsakani, wutar ta bi ta cikinta, jar wayar kuma ta koma ramin 10A. Matsalar mantuwa ce. Ka bar ta a ramin nan, gobe ka cusa a soket na bango mai bolt 230, kamar ka haɗa wayoyin biyu ne kai tsaye. In ka yi sa'a fis ne zai ƙone; mita mai araha wani sa'in ba ta ma da fis a wannan ramin, sai tartsatsi a hannunka.

Awon om, mai alamar Ω, sai an kashe wuta tukuna. Da shi na gano fankar maƙwabciyarmu Hajiya lafiyarta lau, wayar ce ta tsinke daga ciki dab da fulogi. Har ta yi shirin bai wa masu gwangwan.