Tarakta, Garma da Lauje: Nazari a kan Zaɓen Injin Noma a Ƙauyukanmu

A cikin 'yan shekarun nan wani sauyi ya auku a sha'anin noma a ƙasar Hausa wanda, a ganina, bai sami kulawar da ta cancance shi ba daga wajen hukuma ko masu rubutu, watau yadda hankalin manoma masu matsakaicin hali ya soma juyawa daga babbar tarakta, wadda tun zamanin En'e ake ɗaukarta alamar ci gaba da matuƙar burin mai gona, ya koma ga ƙananan injuna waɗanda mutum ɗaya ke iya mallaka. Gwamnatoci kam har gobe manyan suke sayowa, kamar taraktoci 2,000 na ƙasar Belarus da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2025. Amma wanda ya leƙa fadamun Kura da Kadawa, ko kwarin Haɗeja, ko gonakin shinkafar Argungu, zai tarar abin da manomi ke cire kuɗin aljihunsa ya saya galibi shi ne 'yar tarakta mai ƙafa biyu da ake bi a baya ana riƙe da hannuwanta, da injin casa, da injin yanka da ake ratayawa a kafaɗa.

Ba yau aka fara neman sauƙaƙa wa manomi wahalar fartanya ba. Tun a shekarun 1920 Ma'aikatar Gona ta Turawa ta soma koya wa mutane noma da shanu, aka riƙa ba manomi bijimai biyu da garma bashi ta hannun baitulmalin En'e, dabarar kuwa ta karɓu ƙwarai, har garmar Emcot ta zama kayan gado a ƙasashen Katsina da Kano da Gombe, domin maƙerin gari yana iya gyaranta, sa yana cin karan gonar ya mayar mata da taki, in ya yi shekarunsa na aiki kuma a yi masa turka a sayar da riba. Tarakta ba ta yi irin wannan sa'a ba. A 1949 aka buɗe babban aikin noman inji a Mokwa da jarin Ingila, aka sare daji, aka zaunar da mutane. Kafin 1954 ta ƙare masu jarin sun janye hannunsu da hasara. Saiwoyin itatuwa sun riƙa karya ƙarafa, wannan gaskiya ne, amma babbar illar ita ce inji ya nome fili mai faɗin da ya fi ƙarfin hannuwan da za su yi masa firi da maimai, sai ciyawa ta cinye shuka. Wannan darasi, cewa injin da ya sauƙaƙa aiki guda ya bar sauran yana tura ƙuncin ne zuwa wani wata, shi ne ya fi dacewa duk mai niyyar sayen inji ya haddace, shi ne kuma aka fi saurin mantawa.

Zamanin arzikin man fetur ya maimaita kuskuren ta wata fuska. Aka kafa sassan hayar tarakta a ma'aikatun gona, aka buɗe kamfanin Steyr a Bauchi da na Fiat a Kano suna harhaɗa su, aka shigo da iri-iri daga ƙasashe dabam-dabam, kowace da nata kayan gyara da ba sa shiga jikin 'yar'uwarta. Da darajar naira ta faɗi daga 1986, sai kayan gyaran suka gagara, harabobin ma'aikatu suka cika da gawarwakin taraktoci, wasu ba abin da ya kashe su sai famfon mai ko taya guda. Dukiyar da ba ta da mai ita takamaimai ba ta samun mai tashi da dare dominta, ga shi kuma ko lokacin da suke da rai, gonar mai faɗa-a-ji ake fara kai su, talaka ya jira har shuka ta wuce.

To, me ya sa buƙatar inji ta sake tasowa da ƙarfi yanzu? Babban sababi shi ne ƙarancin hannu. Gandu, wanda a da yake tara uba da 'ya'ya da ƙanne a gona ɗaya, ya watse a yawancin wurare. Samari sun tafi birane tuƙin babur da sauran neman kuɗi, ladan ɗan ƙwadago ya hau, gayya kuma ta yi wuya. A kan wannan sai masifar satar shanu ta auka wa Zamfara da Katsina da Sakkwato da sassan Kaduna da Neja, har ajiye bijiman huɗa a gida ya zama kiran ɓarayi, mutane da yawa suka sayar da nasu ala tilas, wasu aka kore musu. Sa'an nan ga bunƙasar shinkafa tun daga shirin bashin manoma da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015 da rufe iyakokin ƙasa a 2019, shinkafa kuwa shuka ce mai son a farfasa laka a daidaita ta, a kuma yanke ta da zarar ta nuna tun ba ta zube ba. Akwai kuma wani abu da ba a cika ambata ba, watau arahar maganin feshin ciyawa, wanda ya kwance ƙullin da ya shaƙe Mokwa; yau wanda inji ya faɗaɗa wa gona yana iya riƙe ta da feshi, ko da yake wannan magani yana da tasa cutar ga mai fesa shi ba kariya, da kuma ganyayen miya irin su lalo da gasaya da a da suke fitowa tsakanin kunyoyi.

Amma don me ƙananan, ba manyan ba? Lissafi ne ya hukunta haka. Akasarin manomanmu gonakinsu ba su wuce hekta ɗaya ko biyu ba, su ma a warwatse, saboda rabon gado daga kakanni zuwa jikoki yana ta yanyanka su. Tarakta mai ƙarfin doki 75, irin Massey Ferguson da aka saba gani, tana iya gama haron irin wannan gona tun kafin azahar, ta yi zaman banza sauran shekara alhali bashinta yana tafiya. Bayan an saki naira a 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma zuwa fiye da 1,500 a 2024, litar gas ta haye naira 1,000, sai kuɗin sabuwar tarakta da garmunanta ya kai miliyoyin da manomin ƙauye ba ya ko tunaninsu. Ita kuwa mai ƙafa biyu, wadda ake kawowa daga Sin da Indiya da ƙarfin doki 10 zuwa 15, injinta ɗan'uwan injin niƙa ne da kowane makanikin kasuwa ya san cikinsa, tana shiga ƙananan fangalolin shinkafa ba ta rushe gaɓa ba, in an gama kaftu a ɗaura mata amalanke ta ɗauko taki, ko a sa mata bel ta juya famfo ko injin casa. Daidai ruwa daidai tsaki. Ƙasar Bangaladash ta bi wannan hanya tun da daɗewa: da ambaliyar 1988 ta halaka musu shanun noma, hukuma ta sassauta haraji da ƙa'idojin shigo da ƙananan injuna, yau kuwa su ne ke nome mafi yawan ƙasarsu, a hannun masu ɗan jari da ke yi wa maƙwabta aiki da lada.

Wannan ba ya nufin babbar tarakta ta rasa gurbi. Abin da ya kamata a fahimta shi ne mallakarta sana'a ce mai zaman kanta, kamar mallakar motar haya, kuma ba ta biyan kuɗinta sai ta yi ta aiki wata da watanni. Shi ya sa masu ita sukan bi ruwan sama, su fara daga Binuwai da Nasarawa da Neja, su hauro Kaduna, su ƙarasa Kano da Jigawa, da kaka kuma su koma jigilar amfani. Ga mai hekta biyar ko goma a tudu, haya ta fi saye. Sai dai hayar tana da nata rikici. Malaman fiƙihu sun sharɗanta a ijara cewa a san aikin a kuma san ladan, alhali kuwa galibin husumar da ke tsakanin direba da mai gona a kan girman gonar ne, wannan ya ce eka uku ce, wancan ya rantse ba ta kai biyu ba. Tsakanin direba da ubangidansa kuma akwai batun amana, domin aikin da aka yi a bayan idon mai tarakta ba kullum kuɗinsa ke dawowa gida ba. Awon gona da wayar hannu, da na'urar da kamfanoni irin su Hello Tractor, wanda aka kafa a 2014, ke liƙawa a jikin tarakta don mai ita ya san inda take da abin da ta nome, sun rage wannan garari. Abin da ba su rage ba shi ne cewa ruwan shuka yana sauka wa kowa a mako guda, kuma mai ƙaramar gona a ƙarshen hanya shi ne na ƙarshe a layi.

Ita ƙasa ma tana da hakki a cikin zaɓen. 'Yar tarakta mai ƙafa biyu gwana ce a laka mai danshi, amma a busasshen tudu mai tauri wahala kawai take ba mai tuƙa ta. Garmar faifai mai nauyi kuwa, in an riƙa sa ta kowace shekara a jigawa irin ta Daura da Gumel da Damagaram, tana mayar da ƙasa gari, iska da ruwan farko su kwashe, ta kuma danƙare ta ƙarƙashi har saiwa ta kasa ratsawa. A irin wannan wuri garmar shanu ko rija marar nauyi ta fi maslaha. Abin da ya fi damuna shi ne itatuwa. Direba ba ya son kewaye, saboda haka gawo da ɗorawa da kaɗanya, waɗanda kakanni suka bari a gona da gangan saboda taki da inuwa da kalwa da man kaɗe, sukan zama abin sarewa. Haka nan haɗa gero da wake da dawa a gona ɗaya, wanda shi ne garkuwar talaka a shekarar fari, yana ja da baya a inda inji ya yi ƙarfi. Injin casa da na girbi su ma sun ceci amfanin da a da yake lalacewa a masussuka, amma sun ɗauke mudun da mata, musamman zawarawa da tsofaffi, ke samu ta casa da shiƙa da kala, kuma ban ga wanda ya sa wannan hasara a cikin lissafinsa ba.

Saura batun yankan ciyawa, wanda a ra'ayina shi ne ɓangaren da aka fi sakaci da shi alhali ya fi alkawarin amfani. Kowa ya san yadda damin harawa ke tsada da bazara, da yadda masu kiwon ragunan layya ke bin kasuwa suna neman abin da za su zuba musu, da yadda shanu ke ramewa kafin ruwa ya sauka. Ciyawa irin gamba da ƙyasuwa tana da ƙarfin gina jiki ne kafin ta fitar da kai. In ta tsufa ta bushe a tsaye sai ta zama cika-ciki kawai. Lokacin yankanta na ƙwarai yana faɗowa a ƙarshen damina, daidai sa'ad da kowane hannu yake wajen girbin gero da cirar gyaɗa da roron wake, ba mai sukunin ɗaukar lauje. Kafin a waiwayo ta, ko ta tsufa ko gobarar daji ta lashe ta. Nan ne wurin da inji zai yi aikin da babu mai yi, ba tare da ya ƙwace abincin kowa ba.

Amma injunan yanka ba ɗaya ba ne, kuma an sha saye a kan jahilci. Silasha, mai wuƙaƙe masu juyawa da ake ɗaurawa a bayan babbar tarakta, daddatsa ciyawa take yi ta watsar, don haka ta dace da sassabe da sharar kara da gefen hanya, ba ta dace da mai son tara abincin dabba ba. Mai haƙora a jere masu kai da komo tana yanke ciyawar daga gindi ta kwantar da ita da tsawonta yadda za ta bushe da kyau, ba ta kuma buƙatar ƙarfi mai yawa, har ana iya ɗaura ta a gaban mai ƙafa biyu, ta yanki shinkafa da alkama ma. Aibinta shi ne ba ta jimirin dutse da kututture da suri, sai an gyara filin tukuna. Mai fayafayi ta fi duka sauri, amma sai babbar tarakta da babban fili, irin na gonakin kiwo da cibiyar binciken dabbobi ta Shika. Na kafaɗa kuwa, mai shan fetur, shi ne na mai eka ɗaya ko biyu, makanikin babur yana gyara shi, sai dai yana buƙatar takalmi da abin kare ido, domin tsakuwar da wuƙarsa ta harba ba ta da bambanci da harsashi ga idon yaron da ke tsaye kusa. Kuma yankan rabin aiki ne. Sai an shanya, an ɗaure, an adana inda gara da raɓa ba za su kai ba, shi ya sa injin ɗaure dami da na daddatsa kara suka cancanci shiga lissafi tun farko, ko da ta hanyar tarayyar mutum biyar ko goma ne.

Akwai wata mas'ala da za ta taso da zarar waɗannan injuna sun yawaita, wadda nake ganin ya wajaba hakimai da dagatai da ardoɗi da sabuwar Ma'aikatar Raya Kiwo da aka kafa a 2024 su zauna a kanta tun yanzu. Ciyawar makiyaya da burtali da bakin fadama a al'adarmu ta kowa ce, saboda lauje ba ya iya ƙarar da ita. Yaro ya yanki daminsa ya kai kasuwa, Bafillace ya kora shanunsa su ci saura. Mai inji kuwa yana iya aske wannan fili duka cikin kwana biyu, ya ɗaure, ya ɓoye, ya sayar wa waɗannan mutane da kansu a watan Afrilu. Sai an fayyace wane fili ne ya halatta a sa masa inji, wane ne za a bar wa lauje da bakin dabba, da abin da mai yanka zai biya jama'ar gari in ya yanki nasu.