Duwan da Diwani: Kalmar Farisa a Iyakar Kongolam

Direban da ya taso daga Daura ya nufi Damagaram, idan ya iso Kongolam a ƙaramar hukumar Mai'aduwa, jami'an kwastam ne za su duba kayansa. Da ya tsallaka Ɗan Barto, cikin Jamhuriyar Nijar, sai ya tarar da 'yan duwan, wato jami'an kwastam na can. Hausawan Nijar daga Faransanci suka aro wannan suna, amma tushensa yana Farisa, wato Iran ta yau.

Tun kafin zuwan Musulunci, a fadar sarakunan Farisa, diwan na nufin kundin rajista, da kuma ofishin da magatakarda ke adana shi. Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, shi ya kafa irin wannan kundi a daular Musulunci, wajen shekara ta 20 bayan Hijira, domin rubuta sunayen mayaƙa da rabon kowa daga baitulmali. A zamanin Banu Umayya sai diwani ya yawaita: na haraji daban, na wasiƙu daban. Daular Usmaniyya ta Turkiyya kuwa majalisar sarki ta kira da sunan.

Fataken Italiya da ke sauke kaya a tashoshin jiragen ruwa irin su Iskandariyya da Tunis suna biyan kuɗin fito a ofishin da ake kira diwan. Suka tafi da kalmar gida ta zama dogana, a Faransa kuma douane. Mulkin mallaka ne ya kawo ta Nijar.

Ita wannan kalma dai ta riga ta iso ƙasar Hausa ta hannun malamai. Larabawa da Farisawa kan kira kundin waƙoƙin mawaƙi ɗaya diwan, kamar na Hafiz mutumin Shiraz a ƙarni na 14. Shi ya sa ake cewa Diwanin Shehu Ibrahim Inyass, wanda 'yan Tijjaniyya ke rerawa a zawiyoyi da wuraren maulidi.

Ma'anonin nan duka abu guda ya haɗa su: rubutawa da adanawa, kada haƙƙi ya ɓace. Saboda haka ɗan kasuwar da ya biya kuɗin fito a kan iyaka ya nemi rasit, domin ofishin da ya karɓi kuɗin don rubutu aka kafa shi tun farko.